RA'AYI: Wuƙar aljihu na da araha a kasuwar Gombe, yawo da ita ne ke da tsada

Duk wanda ya ratsa Babbar Kasuwar Gombe, ko ya tsaya jiran mota a Tashar Dukku, zai ga 'yan koli sun baje hajarsu: tocila, kwaɗo, madubi, abin yanke farce, sai kuma wata 'yar wuƙa mai naɗewa, wadda kaifinta ke shigewa cikin mariƙinta kamar kunkuru ya janye kai. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Ma'aikacin tarayya da aka turo aiki Gombe, ko hadimin wani babba da ke zirga-zirga tsakanin Abuja da gida, yakan ɗaga ta ya jujjuya, ya ce a ransa ai ba za ta rasa ranarta ba. Shin ta cancanci a saye ta, a riƙa yawo da ita kullum?

Tambayar guda biyu ce aka cure wuri ɗaya, kuma amsoshinsu sun sha bamban. Sayen wuƙar ba laifi, matuƙar an iya zaɓe. Yawo da ita a aljihu cikin garin Gombe kuwa ciniki ne da ma'aikacin gwamnati ba zai ci ribarsa ba.

A fara da yi wa wuƙar adalci. Bahaushe bai taɓa ɗaukar wuƙa baƙon abu ba. Mahauci da mai tsire da mai rake da mai feren lemo duk da ita suke neman abinci, makiyayi kuma ba ya shiga daji ba tare da tasa a kube ba. Ma'aikata da dama a Gombe manoma ne a ƙarshen mako, wasu a Kwami, wasu a Akko, wasu kuma suna noman rani a gefen madatsar ruwan Dadin Kowa. A can, yanke igiya da farke bakin buhun taki da gyaran tiyon ban-ruwa duk aikin 'yar wuƙa ne.

Araha ita kaɗai ma ba aibi ba ce. Wuƙar Okapi, wadda aka fara ƙerawa a garin Solingen na Jamus a 1902 domin kasuwannin Afirka, kafin a mayar da ƙirarta Afirka ta Kudu a 1988, ta yi suna ne saboda talaka na iya saye. Haka Opinel ta Faransa, wadda ake yi tun 1890 da mariƙin katako, manoma ne suka fara ɗaukaka ta. Sirrinsu ɗaya ne: ƙira mai sauƙi da ƙarfe mai karɓar wasawa. Irin wannan ƙarfe yana tsatsa in aka bar shi da laima, amma ɗan mai da dutsen wasa sun ishe shi shekaru.

Matsalar ita ce yawancin abin da ke kan teburin 'yan koli ba irin waɗannan ba ne. Wuƙaƙe ne masu ƙyalli marasa sunan maƙeri, da aka yi domin ido. Ƙarfensu laushi gare shi, yana dakushewa bayan 'yan kwanaki, kuma dakusasshiyar wuƙa ta fi mai kaifi haɗari, domin sai an danna ta da ƙarfi, in ta zame kuwa a hannu take sauka. Ƙusar da ke haɗa kaifin da mariƙi takan yi sako-sako, ƙurar hunturu ta shige ta, sannan makullin da ke riƙe kaifin a buɗe yakan saki, wuƙar ta naɗe a kan yatsun mai ita. Mai saye zai iya gane wannan tun a gaban mai kaya: ya buɗe ta, ya girgiza kaifin hagu da dama, in ya ji motsi ya ajiye. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

To, a ƙaddara mutum ya dace da mai kyau. Nan ne tambaya ta biyu ke shigowa, kuma nan ne Gombe ta bambanta da wurare da yawa. Garin ya shafe fiye da shekaru ashirin yana fama da 'yan Kalare, matasan da 'yan siyasa suka yi amfani da su wajen bangar zaɓe, waɗanda makamansu ba su wuce adda da gora da wuƙa ba. Lamarin ya yi ƙamarin da ƙungiyar Human Rights Watch ta ware wa Gombe sashe guda a rahotonta na 2007 kan tashin hankalin siyasa a Najeriya. Daga baya ƙwacen waya ya zo ya ɗora, shi ma da wuƙa ake yin sa. Saboda haka rundunar 'yan sandan jihar ta sha gargaɗi kan yawo da makamai, musamman a lokutan sallah da tarukan siyasa. A garin da iyaye suka binne 'ya'yansu saboda sara da suka, ɗan sandan da ya laluba aljihun mutum da dare a Jekadafari ko Bolari ya ci karo da wuƙa ba lemo zai fara tunawa ba.

Doka ma ba ta ba mai wuƙar wata mafaka bayyananniya ba. A Ingila, dokar 1988 ta yarje wa mutum ya riƙe wuƙa mai naɗewa wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba, kuma kotunan ƙasar sun fitar da mai makulli daga wannan rangwame. Kowa ya san iyakarsa. A Najeriya ba tsawon kaifi ake aunawa ba, niyya da yanayi ake dubawa. Dokar fashi da makami ta 1984 ta faɗaɗa ma'anar makami har ta haɗa da guntun ƙarfe ko katako da za a iya cutarwa da shi, dokar kiyaye zaman lafiya a tarukan jama'a ta 1979 kuma ta hana shiga taro ko jerin gwano da makami. Wannan na ƙarshe ya shafi hadiman 'yan siyasa kai tsaye, domin rabin aikinsu a filin taro yake. Inda doka ta bar hukuncin farko a hannun jami'in da ke bakin shinge, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ga ma'aikacin tarayya, abin ya wuce kwana ɗaya a ofishin 'yan sanda. Ƙa'idojin aikin gwamnati sun ba da damar a dakatar da ma'aikacin da ke fuskantar tuhumar aikata laifi a kan rabin albashi, kuma samunsa da laifi a kotu na cikin manyan laifuffukan da kan kai ga kora. Shekaru goma sha biyar na aiki da fanshon da ake tarawa na iya shiga garari saboda abin da kuɗinsa bai kai na man mota na kwana ɗaya ba. Ga kuma ƙananan asarori na yau da kullum: na'urar bincike a ƙofar banki, masu gadi a sakatariyar tarayya, shingayen hanyar Bauchi da Jos zuwa Abuja, da filin jirgin sama na Lawanti, inda ba a barin wuƙa a jakar hannu. Tun bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka haka abin yake a sassa da dama na duniya, har kamfanin Victorinox, mai ƙera shahararriyar wuƙar sojan Suwizalan, ya bayyana a 2024 cewa yana shirya samfurin da ba shi da kaifi saboda tsaurin dokoki a ƙasashe da dama. Idan maƙerin da kansa ya fara lissafin haka, mai saye ya fi cancantar yi.

Saura hujja mafi ƙarfi, wadda da yawa ba sa furtawa amma ita ce a zuciyarsu: kare kai. Tsoron gaskiya ne, kuma ba a raina wanda aka taɓa tare shi a lungu. Sai dai masu ƙwace ba su cika zuwa su kaɗai ba, ba sa sallama, kuma sun saba da abin da ma'aikacin ofis bai taɓa yi ba. Kafin ya sa hannu a aljihu ya buɗe wuƙar da ke buƙatar hannu biyu, an gama. In ma ya buɗe, ya mayar da asarar waya ta zama cinikin rai. In kuma shi ya yi rinjaye, kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa ya amince da haƙƙin kare kai ne bisa sharaɗin kada cutarwar ta wuce abin da ake buƙata, kuma a gaban alƙali zai je ya yi wannan bayani. Akwai kuma haɗarin da ya fi kusa: cacar baki da ɗan acaɓa ko maƙwabci, wadda da za ta ƙare a zagi da ban-haƙuri, takan ƙare a asibiti idan fushi ya tarar da kaifi a kusa.

Wannan ba ya wanke hukuma. Majalisar Dokokin Jihar Gombe da rundunar 'yan sanda na da aikin fayyace wa jama'a, da Hausa da Fulatanci da sauran harsunan jihar, wace wuƙa ce kayan sana'a, a ina, kuma a wane lokaci, domin kada mai rake da manomin da ke dawowa daga gona su riƙa biyan bashin 'yan Kalare a bakin shinge.

Kafin a kai ga haka, shawarar mai sauƙi ce. Mai buƙatar wuƙa ya ƙara kuɗi kaɗan ya sayi mai inganci, ko ya je wurin maƙeran gari a ƙera masa wadda zai iya komawa a gyara. Ya ajiye ta inda aikinta yake: a ɗakin girki, a jakar gona, ko cikin akwatin kayan gyaran mota tare da sifana da jak. Abin da ranar ofis ke buƙata, buɗe ambulan ko yanke zaren riga, ɗan almakashi da abin yanke farce sun wadatar, kuma babu jami'in da zai tsayar da mutum a kansu.