Hunhunar damina: daga bangon talaka zuwa ofishin mahukunta

Duk shekara, in watan Agusta ya kama, lissafi ɗaya ne a bakin mahukunta: gidaje nawa suka rushe, buhun shinkafa nawa aka raba. A daminar 2024 jihar Maraɗi ce ta fi kowace jiha asarar rayuka a Nijar. Amma wa ke ƙidaya ɗakunan da ba su faɗi ba, alhali sun sha ruwa sun ƙoshi? A cikinsu hunhuna ke yaɗuwa, a cikinsu kuma iyali ke kwana.

Mu ɗauki ƙaramar hukumar Sarkin Yamma, cikin gundumar Madarunfa, ba nisa da kwarin Gulbin Maraɗi. Yankin na cikin waɗanda suka fi samun ruwan sama a ƙasar nan. Laima na tasowa daga ƙasa ta hau ginin laka. In an yaɓe shi da siminti, sai ta rasa mafita. In kuma ɗakin kwano ne marar taga, iska ba ta ratsawa. Kafin kaka, bayan gado da ƙarƙashin tabarma sun yi baƙi. Tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa zama cikin laima da hunhuna na da alaƙa da tari, da asma, da cututtukan numfashi. Yara da tsofaffi ne ke fara biyan wannan haraji.

Abin bai tsaya ga bango ba. Gyaɗa ko masarar da aka zuba rumbu ba ta bushe ba na iya kama wata hunhuna mai fitar da gubar aflatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A 2004 gurɓatacciyar masara ta hallaka mutum 125 a Kenya. Ƙasar da ta yi suna da gyaɗa tun zamanin SONARA bai kamata ta yi sakaci da wannan ba.

Wani zai ce ai wannan ciwon talaka ne, manya suna da na'urar sanyaya ɗaki, wadda ƴan birni ke kira kilim. To, a yi hattara. Lokacin da Willis Carrier ya ƙera ta a Amurka a 1902, laimar da ke ɓata takarda a wata maɗaba'a ya nufa, ba zafi ba. Aikinta shi ne ta tatse ruwan da ke cikin iska ta zubar waje. In ƙurar hunturu ta cika matatarta, bututun zubar da ruwan kuma ya toshe, ƙura da ruwa da duhu sun haɗu ke nan, abin da hunhuna ke so. Sai na'urar ta riƙa feso ta a kan mai ofis da baƙinsa, sanyinta ya ragu, ta ƙara shan lantarki, ta mutu kwananta bai kai ba. Takardar kuɗin NIGELEC da kuɗin sayen sabuwa, daga aljihun wa suke fita? Daga na wancan manomi mai kwana cikin laima.

Ashe cutar ɗaya ce. Mun ƙware wajen saye da yanke zaren buɗe gini, gyara kuwa ba shi da tafi, ba shi da hoto, ba shi da kamasho, shi ya sa ba shi da mai shi.

Abin da muke nema ba ya bukatar taron masu ba da agaji. Kowace ma'aikata ta ware kuɗin wanke na'urorinta kafin damina, kafin a amince mata ta sayi wata. Jami'an gidajen likita da rediyoyin karkara su bayyana wa jama'a amfanin taga biyu masu fuskantar juna, da ɗaga daɓen ɗaki, da janye ruwan indararo daga gindin bango, da shanya gyaɗa har ta yi ƙaras. Hukumomi kuma su daina raba filayen gini a hanyar ruwa.

Bayan ambaliyar 1945 an tashi garin Maraɗi daga kwari aka maida shi tudu. Na da sun ɗauki darasi daga ruwan da ya zo musu da ƙarfi. Mu kuwa, wanda ke shigo mana a ɓoye ta gindin bango ya kamata mu tare, tun bai cika gidajen likita da ƴaƴanmu ba.