Abin da ke sa marubutan Hausa ajiye littafi a tsakiya, da hanyar komawa kansa

Duk mai bibiyar littattafan Hausa a waya ya san yadda abin ke faruwa. Labari zai fara da zafinsa a Wattpad ko a zauren WhatsApp, kullum sabon shafi, makaranta na ta sharhi. Bayan wata biyu sai ya koma sau biyu a mako, sai sanarwar neman afuwa, daga nan kuma shiru. Wasu su ce marubuciyar ta fara girman kai, wasu su ce ƙarin kuɗi take nema. Sau da yawa gajiya ce ta ci ƙarfinta, kuma al'adar rubutawa a saki nan take ce ta jawo mata.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta yi bayanin irin wannan gajiya. Ba ta kira ta cuta ba, ta ce yanayi ne da ke tasowa daga matsin aiki mai tsawo wanda aka kasa shawo kansa. Alamominsa uku ne: ƙarewar kuzari, fitar aikin daga rai, da raguwar ƙwazo. Marubuciyar da ke gama girki da hidimar yara, sannan ta raba dare tana latsa waya don kada gari ya waye ba shafi, tana kan hanyar haɗuwa da duka ukun.

Manyan littattafan da ake alfahari da su ba haka aka samar da su ba. A 1936 an ɗauke Abubakar Imam daga koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, aka kai shi Zariya don ya zauna ya yi rubutu kawai. Cikin kimanin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, yana aiki tare da Rupert East. An ba shi lokaci, an ba shi edita guda, kuma jama'a ba su ga littafin ba sai da aka kammala aka buga.

Marubucin Amurka John Steinbeck ya rubuta The Grapes of Wrath tsakanin ƙarshen Mayu da Oktoban 1938. Ya yanka wa kansa kalma 2,000 a rana, yana kuma ajiye littafin yau da kullum inda yake zuba fargabarsa da shakkar da yake yi wa basirarsa. Littafin da ya yi ta kokwanto a kai shi ne ya ci kyautar Pulitzer a 1940. Ke nan jin cewa labari ya lalace ba hujja ba ce ta lalacewarsa, wani lokaci gajiya ce ke magana.

Saboda haka maganin farko shi ne raba lokacin rubutu da lokacin saki. Marubuci ya kammala labari, ko aƙalla ya yi nisa sosai, kafin ya saki shafin farko. Wanda ke da babi goma a ajiye ba ya firgita don ya kwana biyu yana zazzaɓi.

Wanda kuma ya riga ya maƙale a tsakiya, ya ɗauki hutu a bayyane, ya faɗi ranar dawowa. A cikin hutun ya sake karanta babin farko, ya rubuta wa kansa a layi uku yadda labarin zai ƙare. Labarai da dama na mutuwa ne saboda an yi ta jan su don makaranta sun ce a ƙara, har mai shi ya manta inda ya dosa. Idan ya dawo, ya fara da kaɗan. Ernest Hemingway ya kan tsayar da rubutun yini a daidai inda ya san abin da zai biyo baya, don gobe ya sami wurin kamawa. Sannan ya nemi mutum ɗaya ko biyu da suka san rubutu su riƙa duba masa, irin waɗanda ake samu a Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, maimakon ɗaruruwan sharhi masu karo da juna.

Wasu marubutan za su ce makaranta ba sa jira, wanda ya yi jinkiri kasuwa ta wuce shi, musamman inda aka biya kuɗin shiga zaure. Akwai gaskiya a ciki. Amma wanda ya biya kuɗi aka bar shi da rabin labari ba zai sake biya ba, kuma zai gaya wa wasu. Sannu ba ta hana zuwa.

Makaranta ma suna da nasu hakkin. Saƙon "yau ba shafi ne?" da tsakar dare ba ya ƙara wa labari daɗi. Kuɗin da suka biya na labari ne cikakke, kuma marubuciyar da ta sami barci ita ce za ta iya kai shi ƙarshe.