Albashin N70,000 da ma'aikacin da doka ta tsallake

A ranar 29 ga Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa 70,000. A takarda, kuɗin sun ninka har da ɗoriya. A kasuwa kuwa labari ya sha bamban: Naira 30,000 ta 2019 ta haura Dala 80, amma 70,000 ba ta kai Dala 50 ba ranar da aka sa hannun. Zuwa Disambar wannan shekara, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, dokar ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka masu karɓar kamasho da leburorin gona na damina. Yawancin 'yan Najeriya kuma a irin waɗannan wurare suke ci.

To wa ke yanka wa waɗannan albashi? Kasuwa ce. Albashi farashi ne, kamar na tumatir: idan kaya suka yi yawa, masu saye suka yi kaɗan, sai ya faɗi. Malamar ƙaramar makaranta mai zaman kanta a Mararaba ko Suleja ta san haka ba tare da ta karanta ilimin tattalin arziki ba. In ta ƙi abin da aka yanka mata, masu digiri na nan a ƙofa da takardunsu a hannu. Ba ta da bakin ciniki.

Idan ta juya ta zama mai saye, sai lissafin ya kife. Abinci, haya da kuɗin mota kayan dole ne, tsadarsu ba ta sa a bar su, sai dai a rage awo. Siminti, wanda kuɗin haya ke bin sawunsa, kusan duk yana hannun kamfanoni uku: Dangote, BUA da Lafarge. Ke nan tana sayar da guminta a kasuwa mai cunkoso, tana saye a inda masu kaya ba su da yawa.

Ƙungiyoyin ƙwadago sun yi rawar gani da suka sa aka rage wa'adin sake duba albashi daga shekara biyar zuwa uku. Sai dai malamar ba ta cikin ƙungiya. Abin da zai ɗaga albashinta shi ne masu ɗaukar aiki su yawaita har su riƙa rububinta, kuma hakan ba ya yiwuwa muddin ƙaramin mai sana'a na ƙarar da ribarsa a man janareta. Ya kamata Majalisar Tarayya ta sake duba ƙa'idar mutum 25 ɗin nan, hukumar FCCPC mai sa ido kan gasa kuma ta riƙa bayyana wa jama'a yadda ake yanka farashi a kasuwannin da 'yan tsiraru suka mamaye, ta fara da siminti.