Tagullar Benin Ta Dawo Gida, Kayan Nok Kuwa Suna Ta Fita

A watan Yuni na 2025 ƙasar Holan ta miƙa wa Nijeriya kayan tagulla na masarautar Benin guda 119 a Legas. Kafin nan, a watan Disamba na 2022, Jamus ta kawo nata kashi na farko Abuja. Waɗannan kaya suna cikin waɗanda sojojin Ingila suka kwashe a 1897. Mun yi murna, kuma murnar ta dace. Amma 'yan'uwa, yayin da muke tafa wa abin da ya dawo, akwai wata dukiya da ta girmi tagullar Benin nesa ba kusa ba, tana kwance a ƙarƙashin gonakinmu na kudancin Kaduna da kewaye, kuma an daɗe ana fitar da ita a ɓoye.

Muna maganar kayan Nok ne. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ƙaramin kai na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a ƙaramar hukumar Jaba ta yau. A 1943 aka kai wa wani Bature mai suna Bernard Fagg wani kan da aka samu a yankin Jama'a. Ya lura cewa salon ɗaya ne da na farkon, sai ya laƙaba wa al'adar sunan ƙauyen. Shi ne kuma ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Daga baya, a Taruga kusa da Abuja, ya tono wuraren narka tama waɗanda aka yi aiki da su ƙarnuka kafin haihuwar Almasihu.

Daga 2005, masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt, ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig, tare da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, suka shiga bincike mai zurfi. Sun nuna cewa wannan al'umma ta fara tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Almasihu, ta kuma ɗore har zuwa kusan lokacin haihuwarsa. Suna noman gero da wake. A 2021 wani gwaji da aka yi tare da Jami'ar Bristol ya gano ragowar kakin zuma a jikin tukwanensu, alamar cewa shekaru kusan 3,500 da suka wuce ana cin zuma a wannan ƙasa.

Mu lura da inda wannan sani ya fito. Shekarun an gane su ne daga ƙwayar geron da ta ƙone da kuma gawayin da ke kusa da kayan. Zumar kuwa daga fasassun tukwane ne, irin waɗanda manomi kan ture da fartanya. Shi ya sa mai bincike yake tono a hankali, yana auna zurfi, yana rubuta abin da ke kusa da me. Mai haƙar dare kuwa kan mutum-mutumin kaɗai yake nema. Yakan watsar da gawayin, ya tattake tukwanen, ya bar rami. Kan da ya fitar zai iya yin kyau a ɗakin wani attajiri a Turai, amma ya zama bebe. Abin da aka sace a 1897 ana iya ɗora shi a jirgi a dawo da shi. Wurin da aka birkita ƙasarsa kuwa babu mai iya mayar da shi yadda yake. Masanan Frankfurt sun tarar cewa mafi yawan wuraren da suka ziyarta, masu haƙa sun riga su isa.

Ba za mu yi saurin zagin matashin da ke wannan haƙa ba. Sau da yawa ɗanmu ne, ba shi da aiki, dillali kuma ya zo da kuɗi a hannu. Amma abin da ake ba shi bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da farashin kasuwannin waje, kuma dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta hana tono da cinikin irin waɗannan kaya ba da izini ba. Rashin tsaro ma ya ƙara dagula lamarin. A watan Fabrairu na 2017 'yan bindiga suka sace Breunig da abokin aikinsa a yankin Kagarko, suka kashe mutum biyu 'yan yankin da suka bi sawunsu. An sako Jamusawan bayan 'yan kwanaki, amma aikin fili ya ja baya tun daga lokacin.

Akwai kuma tambayar da ake yi mana a ikilisiya: ashe waɗannan ba gumaka ba ne da ya kamata a farfasa? Masanan sun samu da yawansu a fashe, an binne su a ramuka kusa da wuraren da ake kyautata zaton kaburbura ne, don haka suna ganin suna da alaƙa da jana'iza. Ko ma mene ne aikinsu a da, ajiye abu a gidan tarihi dabam yake da yi masa sujada. Manzo Bulus ya zaga Atina yana duba abubuwan bautarsu da kyau, kuma daga abin da ya gani ne ya samu ƙofar magana da mutanen birnin. Waɗanda suka ƙera kayan Nok mutane ne da Allah ya halitta, masu basira da fasaha, kuma shaidarsu tana ƙaryata masu cewa Afirka ba ta da tarihi sai da Turawa suka zo.

Gwamnati na da nata alhakin: tsaro, da ma'aikata, da horar da 'ya'yanmu a jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya, inda ake koyar da wannan fanni. Namu alhakin ya fi kusa. Idan garma ta tono wani abu a gona, kada a ciro shi, kada a wanke, kada a kira dillali. A rufe wurin, a sanar da mai gari, a kai labari gidan tarihi na Kaduna ko na Jos. Dattawan ikilisiya da shugabannin matasa su faɗi wannan kafin damina ta faɗi, domin lokacin huɗa da zaizayar ruwa ne ƙasa kan fito da abin da ta ɓoye.