Kafin a kawo mana mutum-mutumi, a fara jin ta bakin mutanen Aliero

A watan Maris na 2025 sanƙarau ya ɓarke a Gwandu da Jega da Aliero, ya ci rayuka, har aka rufe Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero aka sallami ɗalibai. Cuta ce mai bin numfashi da cunkoso, dole a rage cuɗanya. To amma wa zai auna zafin jikin majinyaci, wa zai miƙa masa magani?

Ruwanda ta gwada wata dabara lokacin korona. A watan Mayun 2020 ta samu mutum-mutumi biyar masu auna zafin jiki da gano wanda bai sa takunkumi ba, don ma'aikatan jinya su rage kusantar masu cutar. A lokacin ne kuma masu nazarin yadda ɗan Adam ke hulɗa da irin waɗannan na'urori a Turai da Amurka suka koma intanet, tunda an rufe ɗakunan bincike. Sai su tura wa mutum bidiyon na'urar, ya kalla daga gida, ya amsa tambayoyi.

Damuwata ita ce su wa aka tambaya. Ba tsohuwar Maiyama ba ce, ba kuma ɗan dakon albasa a kasuwar Aliero ba.

Aliero fa garin masu ɗori ne. Daga nesa ake ɗauko mai karaya a kawo shi, domin an yarda da hannun da zai taɓa shi, ya lalubi ƙashin, ya ɗaure da karare, ya ce masa sannu. Mutanen da suka san jinya a haka, kana tsammanin za su saki jiki da ƙarfen da bai yi sallama ba? Matar aure za ta faɗa wa na'ura mai muryar namiji abin da ke damunta? Dattijo zai yarda a haska masa wani abu a goshi ba tare da bayani da Hausa ba?

Binciken jin ta bakin mutanenmu ba ya buƙatar mu mallaki mutum-mutumi ko ɗaya. Gajeren bidiyo da Hausa ta WhatsApp, amsa ta saƙon murya, shi ke nan. Wanda ba shi da babbar waya a kira shi.

Ina kira ga malaman kwamfuta da injiniyanci na jami'ar Aliero: ku haɗa kai da ma'aikatan lafiya na Jega da Maiyama, ku ba ɗalibanku wannan aiki tun kafin zafin bazara ya sake shigowa.