Filin Kiwon Lafiya: Fitsari Ba Ya Ɓoye Ciwon Mafitsara

Ya kamata iyaye a Laranto da sauran unguwannin Jos su riƙa lura da fitsarin 'ya'yansu, musamman masu zuwa wanka rafi ko kududdufan da haƙar kuza ta bari. Ɗigon jini a ƙarshen fitsari ba alamar balaga ba ce, kamar yadda waɗansu ke zato. Galibi tsargiya ce.

Tsutsar da ke kawo ta, wadda wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano a Alƙahira cikin 1851, daga katantanwar ruwa take fitowa ta huda fata. Ƙwayayenta kan maƙale a bangon mafitsara su sa kumburi shekara da shekaru, har abin ya taɓa ƙoda ko ya zama ciwon daji.

Gane cutar ba wuya. Akan tsoma wata 'yar takarda cikin fitsari, in akwai jini, ko wanda ido ba ya gani, sai launinta ya sāke. Sa'an nan a nemi ƙwan da madubin likita. Fitsarin tsakanin ƙarfe 10 na safe zuwa 2 na rana ya fi nuna shi. Da wannan takarda Cibiyar Carter ta auna 'yan makaranta a Jihohin Filato da Nasarawa tun daga 1999, aka raba maganin praziquantel.

To, kada a bari sai jini ya fito fili. A kai yaro asibiti a auna shi.