Gayyar da Aka Manta da Mai Gona

Aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya gayya ake kira masa, kuma masana kimiyya sun rungumi wannan dabara. A 2007 masu nazarin sararin samaniya a Jami'ar Oxford suka buɗe Galaxy Zoo, dubban mutane suka taya su tantance hotunan gungun taurari ta intanet. Wata malamar makaranta 'yar Holand, Hanny van Arkel, ta hango abin da ba a taɓa lura da shi ba. Aka raɗa masa sunanta, aka sa ta cikin marubutan binciken.

Irin wannan gayya ta iso kan taswira. Tun 2014 shirin Missing Maps ke tara 'yan sa-kai daga ko'ina suna zana gidaje da hanyoyin yankunan da taswira ta tsallake, daga hotunan tauraron ɗan'adam. Madalla. Amma mai zana rufin gida daga Landan ba zai san ko 'yan bindiga sun tashi ƙauyen ba, ko wace hanya ce a Zurmi ba ta biyuwa da damina. Mai acaɓa ya sani. Ungozoma ta sani.

A 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF da ma'aikatar lafiya suka auna yara a Shinkafi da Zurmi, aka samu kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa da shekara 5 yana fama da tamowa. Alƙaluma irin waɗannan daga damatsan 'ya'yanmu ake samo su, amma uwa nawa ce aka dawo aka karanta mata sakamakon da Hausa? Mu ake ƙirgawa, ba mu ke ƙirgar ba.

Za a ce tsaro ne, kuma ba sabis. Gaskiya ne, a Satumban 2021 an katse layukan waya a duk faɗin Zamfara. Sai dai akwai manhajoji irin su ODK da ke tattara bayanai ba tare da intanet ba, a tura daga baya. Ga kuma ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Kaura Namoda, da suka san ƙauyukan nan da sunayensu.

Duk mai son yin bincike a nan, ya sa 'yan ƙasa tun daga tsara tambayoyi, ya biya su, ya rubuta sunayensu, ya bar kwafin bayanan a Kaura, a ɓoye abin da zai jefa wani ƙauye cikin haɗari. Wanda ya ƙi, hakimai da shugabannin ƙananan hukumomi su hana shi izini.